Ranar da Yumɓu Ya Narke

"Salamu alaikum! Wai babu mutane ne a gidan nan, ko duk taɓo ya haɗiye su?"

Maginiya ta ji muryar daga garejin bayan gida, ta lumshe ido ta ce a ranta, "Allah ka ba ni haƙuri." Ko ba a faɗa mata ba ta san Anti ce, yayar mijinta, domin duk dangin babu mai haɗa sallama da baƙar magana a numfashi ɗaya sai ita. Hannuwanta duka biyu suna cikin yumɓu har gwiwa, ga wani reshe da ta shafe awa biyu tana lallaɓa shi ya zauna a jikin kututture. Ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ta fito tana goge gumi da kafaɗa.

A tsakar gida ta same su. Anti a gaba, da tabarau mai cin rabin fuska. Hajiya, surukarta, a baya, tana ɗage ƙafa kamar mai tsallake kwata, alhali simintin a share yake fes.

Maginiya ta durƙusa. "Sannunku da zuwa. Hajiya, ina kwana? Anti, an tashi lafiya?"

"Lafiya," in ji Hajiya, ba tare da ta dube ta ba.

"Kar ki matso, don girman Allah!" Anti ta ja da baya tana tattare gefen riga. "Jiya aka karɓo mini ɗinkin nan. Hajiya, dubi surukarki. Shekara biyar a jami'a, ga digirin nan duk a ƙarƙashin ƙumba!"

Maginiya ta yi murmushin da ta saba yi, wanda bai wuce leɓe ba, ta shige ta wanke hannu.

Ita dai ba tukunyar girki take ginawa ba, ba kuma tulu ba, ko da yake ba ta yarda a raina masu gina su a gabanta, tunda daga hannunsu sana'ar ta fito. Siffofi take ƙerawa da yumɓu: ganye, igiyar ruwa, tsuntsu a kan reshe, tafin hannu a buɗe. Idan ta gina sai ta bar su su bushe a inuwa, sannan ta gasa su a tanderu, ta shafa musu ruwan ƙyalli, ta sake gasawa har su fito suna ƙara kamar ƙarfe. Mijinta ne ya raɗa mata Maginiya, sunan ya bi ta. Amma a bakin danginsa ba ta da suna sai 'Yar Taɓo.

A wancan lokacin tana kan aiki mafi girma da ta taɓa samu. Wani sabon asibitin yara ne ya ba ta odar bishiya da za a kafa a zauren shiga, bishiyar da ta fi mutum tsawo, wadda kowane reshe nata zai ƙare da ɗan tafin hannun yaro. Da yake tanderun ba zai ɗauke ta gaba ɗaya ba, gida tara ta raba ta. Mako bakwai ke nan tana kai. Takwas sun kammala suna bushewa a kan katako, na tara ne a hannunta.

A falo ta tarar mijinta, Injiniya, ya fito ya zauna a kan kafet kusa da ƙafar Hajiya. Ta ajiye musu ruwa da lemo ta koma gefe.

Anti ba ta ɓata lokaci ba. "Kai, kayana sun iso. Furannin roba ne da kwalaben adon falo, kwali ya fi ɗari, kuma sitona ya cika. Garejin nan naka nake so."

Injiniya ya sosa ƙeya. "Yaya, ai… ai sitidiyonta ne."

"Siti-me?" Anti ta tuntsire da dariya har da tafi. "Hajiya, kin ji turanci! Wurin wasan ƙasa ne ya zama sitidiyo. Mu da muna yara duka ake mana a kan wannan, yanzu har ɗaki ake ware masa."

Hajiya ta ajiye kofi. "Ni abin da ke ƙona mini rai, duk inda na shiga sai a tambaye ni matar Injiniya me take yi. Matar wane likita ce, matar wane lauya ce. Ni me zan ce? In ce tana kwaɓa taɓo? Gida dai gidanka ne. 'Yar'uwarka ta roƙe ka wuri, sai ka tsaya kana kallon fuskar mace?"

Maginiya ta dubi mijinta. Jira take ya ce wani abu, ko kalma ɗaya. Shi kuwa ya ƙura wa zanen kafet ido kamar yau ya fara ganinsa.

"Za mu duba, Hajiya," ya ce.

Bayan sun tafi ta same shi a kicin yana shan ruwa a tsaye.

"Za mu duba?" ta ce. "Me za a duba?"

"Haba Maginiyata, plis. Kin san halin Yaya. Na faɗa ne kawai don su tafi."

"Ka saurare ni da kyau. Abin da ke cikin garejin nan bai shiga wuta ba tukuna. Yumɓun da ba a gasa ba, komai kyansa, ƙasa ce. Ko ɗaga shi aka yi ba daidai ba ya tafi. Ka yi mini alƙawari babu mai taɓa ƙofar nan."

Ya kama hannunta ya ɗora a ƙirjinsa. "Na yi alƙawari. Wallahi ko ƙuda ba zai shiga ba."

Ta yarda, domin tana son shi, kuma ta san yana son ta. A wajen baje kolin ɗalibai suka haɗu shekara huɗu da suka wuce, ya juya da jakarsa ya ture mata wani tsuntsun yumɓu ya fashe. Ya zo ba da haƙuri washegari, ya sake zuwa jibi, har haƙurin ya ƙare zuwan bai ƙare ba. Shi ya haɗa mata wayoyin tanderun da hannunsa. Idan su biyu ne, babu mijin da ya kai shi. Aibinsa ɗaya ne: da zarar Hajiya ko Anti sun shigo, sai ƙashin bayansa ya narke, ya koma ɗan shekara bakwai.

A makon da ya biyo baya aka yi wa mahaifinta aikin ido. Baba tsohon kafinta ne, tun rasuwar mahaifiyarta shi kaɗai yake zaune, don haka ta je ta kwana biyu tana jinyarsa. Ran da za ta dawo, tun hantsi hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya har bayan azahar. Tana cikin tasi tana murna, tana cewa sanyin nan zai sa yumɓun ya bushe a hankali ba tare da ya tsage ba.

Tana tura ƙofar gida ta ga wani jan ruwa yana malala ta ƙarƙashin takalminta zuwa kwata.

Ta bi shi da ido. A tsakiyar fili, a sarari, ga katakanta a jere. A kan kowanne akwai tulin laka da ya zube ya baje. Kututturen ya durƙushe ya buɗe baki. Rassan sun zama kunu. A gefe ɗaya ta hango wani ɗan tafin hannu da ya rage, yatsu uku sun narke, biyu suna tsaye. Ta durƙusa ta ɗauka, ya wargaje a tsakanin yatsunta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Au, kin dawo?" Muryar Anti ce daga cikin gareji. Tana zaune a kan kujerar aikin Maginiya ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya tana danna waya, bayanta kwalaye sun kai rufi, a bushe ƙayau. "Leburori ne suka fitar da tarkacen don a samu wuri. Wa ya san za a yi ruwa? To, ƙasa ce dai ta koma ƙasa."

"Wa ya ba ki makulli?"

"Mai gidan."

Daidai nan motar Injiniya ta shigo. Ya fito da gudu, ya tsaya turus. Fuskarsa ta yi fari. "Yaya! Cewa kika yi gefe ɗaya kawai za a ajiye! Cewa kika yi ba za a taɓa—"

"Kai, rufe mini baki!" Anti ta miƙe ta zare tabarau. "Ni za ka ɗaga wa murya a gaban matarka? A kan taɓo?"

Nan take kafaɗunsa suka sauka. Ya juyo wajen Maginiya, yana satar kallon yayarsa, ya ce a hankali, "Sori, don Allah ki yi haƙuri. Ai… ai yumɓun yana nan, bai je ko'ina ba. Sai ki sake kwaɓawa."

Da Anti ce ta faɗi haka, da ta shanye. Amma shi! Shi da ya ga bayanta yana ciwo har sai ya danna mata, shi da ya ga ta rushe reshe ɗaya sau biyar don bai yi mata ba. Ta miƙe tsaye ta dube shi tun daga gogaggen takalminsa har zuwa wuyan rigarsa, ta ji wani abu da ba ta taɓa ji game da shi ba. Ba fushi ba ne. Raini ne, tsantsarsa.

"Na ɗauka namiji na aura," ta ce, muryarta ko rawa ba ta yi. "Ashe makulli na aura, duk wanda ya murɗa sai ya buɗe."

Ta ɗauki jakar da ta shigo da ita, ta juya. Sai da tasi ta bar layin sannan kukan ya ƙwace mata, har direban ya rage rediyo.

Baba yana zaune a barandarsa da bandeji a ido ɗaya. Ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba.

"Baba, na gama da gidan nan. Na gama!"

"Uwata, zauna." Ya lalubo kanta ya dafa. "Ni na san zafin abin da aka yi miki fiye da kowa. Na taɓa yin wata uku a kan ƙofa guda, mai ita ya zo ya ce ai katako ne kawai. Ba zan ce ki koma yau ba, ba kuma zan ce ki kashe aurenki da zuciya a wuya ba. Yaron nan ba mugu ba ne, matsoraci ne, kuma tsoro ana warkewa. Yaushe za a buɗe asibitin?"

Ta kira masu asibitin a waya. Suka jajanta mata, amma suka ce ranar buɗewa ba ta ɗaguwa: saura mako shida.

"Ba zai yiwu ba, Baba. Wancan mako bakwai ya ci, ban ma gasa ba."

"Wancan kina koyon hanya ne. Yanzu hannunki ya san ta. Ga rumfar aikina can babu kowa, tashi ki share."

Ta share. Ta sa aka kawo mata sabon yumɓu, ta fara daga tushe. Wayar Injiniya ta shigo sau ashirin, ba ta ɗaga ba. Saƙonninsa kuwa, da "Maginiyata plis" da "wallahi na yi nadama", ko buɗewa ba ta ƙara yi ba. Abin da ya fi ba ta wahala shi ne tattake yumɓu da murza shi har iska ta fita, domin ƙwayar iska ɗaya idan ta ɓuya a ciki, tana shiga wuta sai ta fasa aikin. Wannan kaɗai yana cinye mata rabin yini.

Rana ta huɗu da safe mota ta tsaya a ƙofa. Injiniya ne, da rigar ofis. Ya gaishe da Baba a durƙushe, sannan ya buɗe but ɗin motar ya fara sauke bokitai, har goma sha biyu. Yumɓun da ya narke ne. Ya kwashe shi da shebur daga tsakar gida, ya tace shi da rariya ya fitar da tsakuwa da ganye, kamar yadda ya sha ganin tana yi.

Maginiya ta tsaya a bakin rumfa ta harɗe hannu. "Yallaɓai, ɓatan kai ka yi? Gidan Hajiya ba ta nan ake bi ba."

"Na ɗauki hutun wata ɗaya," ya ce, kansa a ƙasa. "Ki sa ni aiki."

"Ka nemi izini kuwa? Kar Anti ta zo ta zane ka a gidan mutane."

Ya ajiye bokitin ƙarshe. "Na cancanci fiye da haka. Ki sa ni aiki."

Ta yanko dunƙulen yumɓu ta dangwara masa a kan benci. "Tunda sake kwaɓawa ne kawai, bismillah. Gina mini ganye ɗaya. Ɗaya tak."

Ya naɗe hannun riga ya zauna. Na farko ya fito kamar silifas. Na biyu ya karye a tsakiya. Na uku ya tsaya, ya ajiye shi a rana don ya yi saurin bushewa, kafin la'asar ya tsattsage. Kwana uku yana fama da ganye ɗaya, ita kuwa tana wuce shi kamar ba ta ga mutum ba, in ban da tsaki. A rana ta uku ta ji shiru ya yi yawa, ta waiwaya. Yana zaune da wani karkataccen abu a tafinsa, hawaye na ɗiga a kai.

"Ganye ɗaya," ya ce. "Ke kuma ganye nawa ne a bishiyar?"

"Ɗari biyu da sittin. Da hannuwa talatin."

"Kuma na buɗe baki na ce ki sake kwaɓawa." Ya rufe fuska da hannuwansa masu laka. "Ban san me na ba da makullinsa ba."

Wani abu ya motsa a ƙirjinta, amma ta danne. Kuka ba shi da wuya; ta sha ganin nadamarsa a bayan idon Hajiya. "Ajiye wannan," ta ce. "Cire takalmi ka hau tattaka. Nan ne ƙarfinka zai yi amfani."

Haka suka ci gaba. Yana zuwa da sassafe, yana tattakawa yana murzawa, tana ginawa. Ya kafa mata fankoki biyu da labulen buhu don iska ta riƙa zagayawa a hankali, sassan suka riƙa bushewa cikin rabin lokaci ba tare da tsagewa ba. Magana tsakaninsu ba ta wuce "miƙo" da "riƙe nan".

Ran nan da hantsi, a mako na uku, aka danna hon sau huɗu a waje. Kafin a yi iso Anti ta faɗo gidan, Hajiya na bin ta. Suka tarar da Injiniya ya naɗe wando har gwiwa, yana tsakiyar yumɓu yana tattakawa, laka har a gira.

"La'ilaha illallahu!" Anti ta ɗora hannu a ka. "Hajiya, zo ki ga ɗanki! Injiniya guda ya zama lebura! Wallahi ba banza ba, an shanye shi!"

Hajiya ko gaisuwar Baba ba ta amsa da kyau ba. "Kai! Fito daga ƙazantar nan ka wuce mu tafi. Idan ita ta zaɓi taɓo a kan aurenta, a bar ta da shi."

Maginiya ta ajiye abin da ke hannunta. Ta san abin da zai biyo baya: sosa ƙeya, da "to, Hajiya". Har ta fara juya baya don kar ta gani.

Ya fito daga yumɓun, ya zo gaban mahaifiyarsa ya durƙusa a ƙasa. Muryarsa na rawa, amma ta fita.

"Hajiya, ke kika haife ni, ko wuta kika ce in shiga saboda ke zan shiga. Amma yau ba zan bi ki ba, ki gafarce ni. Yarinyar nan shekara uku tana durƙusa muku kuna kiran ta 'Yar Taɓo, ba ta taɓa mayar da magana ba. Ni kuma ina zaune ina kallo, ina ce wa kaina biyayya nake yi. Ba biyayya ba ce, Hajiya, tsoro ne. Na yi mata alƙawari na karya, aikin mako bakwai ya tafi kwata. Zalunci ne, kuma da hannuna aka yi shi. Ba ki tarbiyyantar da ni in zama azzalumi ba."



Ya juya ga yayarsa, bai tashi daga durƙuson ba. "Yaya, kwalayenki suna garejin matata. Na ba ki zuwa jibi. Idan ba a kwashe ba, zan sa mota ta kai miki su har ƙofar shago. Ba zan ajiye su a ruwa ba, don ni yanzu na san ciwon hakan."

"Ni kake faɗa wa haka? Ni da na goya ka?"

"Ke, Yaya. Kuma daga yau duk wanda zai shiga gidana, zai kira ta da mutunci ko ya tsaya a waje."

Anti ta fice tana zage-zage har ɗankwalinta na zamewa. Hajiya ta daɗe tana kallon ɗanta, sannan ta bi bayanta. Baba ya gyara zama ya ce, "Uwata, ba wa mijinki ruwa. Ya yi aiki."

Ta kawo masa ruwa a kofi. Ya karɓa ya sha. Ta sa gefen mayafinta ta goge masa lakar da ke gira.

"Ashe kana da murya," ta ce, hawaye na zubo mata tana dariya.

"Ni ma yau na fara jin ta."

Da sassan suka bushe, a kan katifa suka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, har garejin da aka kwashe tas aka wanke. Nan ta koma ɗakinta. Gashin farko ya yi kyau. A na biyu, bayan an shafa ruwan ƙyalli, sai da suka jira kwana biyu tanderun ya huce, Injiniya yana zagaye shi kamar mai jiran haihuwa. Da ta buɗe, kore da ruwan zuma suka haska mata fuska. Ta ƙwanƙwasa kututturen da yatsa, ya amsa da ƙara garau. Saura kwana uku a buɗe asibiti suka kafa bishiyar.

Ranar buɗewa zauren ya cika da manyan mutane. Maginiya na tsaye a bayan wani ginshiƙi sai ta hango Anti, wadda ba a taɓa taron manya babu ita, ta ja Hajiya da wata ƙawarta har gindin bishiyar. Ashe duk tsawon rigimar nan ba su taɓa tambayar me ake ginawa ba, balle don wa.

"Ɗauke ni a nan!" Anti ta miƙa wa ƙawar waya tana gyara tsayuwa. "Kin ga kaya? Daga gani odar ƙasar waje ce. Ni da nake harkar adon falo na san abu mai tsada. Mutanenmu ina za su iya wannan!"

Ba ta rufe baki ba babban likitan ya ɗauki makirfo ya ce yana so a tafa wa wadda ta gina bishiyar nan da hannunta, har sau biyu, bayan ruwa ya cinye ta farko. Ya nuna ginshiƙin. Injiniya ya kamo hannun matarsa ya fito da ita, zauren ya ɗauki tafi.

Wayar ta kusa suɓucewa daga hannun ƙawar. Anti kuwa ta tsaya baki buɗe, murmushin hoton ya bushe a fuskarta. Bayan minti biyar sai ga ta tana kutsawa cikin mutane tana cewa, "Matar ƙanena ce! A gidanmu aka yi!" Maginiya ta ji, ta kau da kai. Akwai mutanen da ko raini ya fi ƙarfinsu.

Hajiya ba ta motsa ba. Tana kallon wata 'yar yarinya da aka turo a keken marasa lafiya, ƙafarta a ɗaure. Yarinyar ta miƙa hannu ta ɗora tafinta a cikin ɗaya daga tafukan yumɓun, ya zauna daidai, ta ƙyalƙyale da dariya tana kiran mamanta ta zo ta gani.

A wajen ajiye motoci Hajiya ta tsayar da su. Maginiya za ta durƙusa, ta riƙo ta.

"Tsaya, 'yata. Yau ni ya kamata in sunkuya." Idonta ya ciko. "Shekara uku ina jin kunyar abin da ban taɓa leƙawa na gani ba. Na bi bakin mutane na wulaƙanta ki a gidanki, kin kuma ci gaba da gaishe ni. Ki yafe mini."

"Na yafe, Hajiya. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Anti dai ba ta ba da haƙuri ba, ba halinta ba ne. Bayan sati biyu ta kira waya da murya kamar zuma, wai ko za a gina mata ƙananan bishiyoyi ta sa a shago, kwastomomi suna tambaya.

"Babu damuwa, Anti," in ji Maginiya. "Akwai mutum goma sha ɗaya a gabanki. Sai ki bi layi."

Ta kashe wayar, ita da mijinta suka yi dariya har ya riƙe ciki.

Haka rayuwa take. Kada ka raina sana'ar da ba ka san zafinta ba, domin ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma ba a yin ta da haƙƙin wani. Mijin da ya yi shiru ana taka matarsa, da ƙafarsa aka taka ta. Ita kuma mai haƙuri, wadda ba ta rama da zagi ba, ba ta kuma saki aikinta ba, ta samu mijinta, ta samu surukarta, ta samu sunanta, duk ba tare da ta roƙi ko ɗaya ba.